Saba ta cika: akwatin ƙari, fayafayan boge da sauran tambayoyinku

Wasiƙun wannan makon kusan duk kuka ɗaya suke yi, wato wurin ajiya ya ƙare. Na tsamo waɗanda amsarsu za ta wadatar da sauran.

Daga wani jami'in kwamfuta a makarantar kuɗi, Kaduna: "Assalamu alaikum Malam. Muna da saba Dell R720, gurabenta takwas duk da faifai a ciki, kuma ta kusa cika da sakamakon ɗalibai da bidiyon darussa da takardun ofis. Wani dila ya yi mini tayin akwatin MD1200 tokumbo. Mai makaranta ya ce in kawo lissafi. Akwatin kaɗai ya isa?"

Wa alaikumus salam. Bai isa ba, kuma gara da ka tambaya tun kafin ka kai lissafin, don babu abin da ke zubar da ƙimar ma'aikaci a idon mai makaranta irin ya dawo bayan an saki kuɗi yana cewa an manta da waya.

MD1200 ba kwamfuta ba ne. Akwati ne mai gurabe 12 na manyan fayafayai, da fawa-fak biyu, da fankoki, da allunan sadarwa a baya. Sabarka, wato babbar kwamfutar da ke riƙe bayanan makarantar, ita ce za ta riƙa ba shi umarni, kuma katin da ke cikinta yanzu fayafayan ciki kawai yake kula da su. Saboda haka sai ka sayi kati mai kafa a waje. In kana son katin ya haɗa RAID da kansa, wato tsarin haɗa fayafayai su yi aiki kamar guda ta yadda mutuwar ɗaya ba za ta tafi da bayanai ba, PERC H810 ne abokin wannan akwati. In kuma manhaja ce za ta yi aikin, irin su TrueNAS, to ka nemi katin da ake kira HBA, kamar LSI 9207-8e, wanda ke miƙa fayafayan yadda suke ba tare da ya sa baki ba. Sai waya. Akwatin kafar SFF-8088 gare shi, haka ma waɗannan katuna biyu. Amma idan dilan ya kawo maka kati na baya-bayan nan, H830 ko 9300-8e, kafarsu SFF-8644 ce, dole wayar ta zama mai baki daban-daban. Ka ɗauki hoton kafofin biyu ka tura wa mai sayar da wayar, kar ka dogara da "za ta shiga". Ka duba ƙarfen bayan katin ma, akwai dogo akwai gajere, ka san wanne gurbin sabarka ke karɓa.

Sannan ka ƙirga tire. Kowane faifai sai an ɗaure shi a tirensa da sukurori kafin ya shiga gurbi, kuma diloli da yawa kan sayar da akwatin wayam, tiren kuma su sa masa kuɗinsa daban. Ka ce a ɗauko maka hoton gaban akwatin ka ga 12 da idonka.

Yanzu bari in ɗan rage maka zumuɗi. Fayafayan nan takwas na cikin sabar, tera nawa-nawa ne? In na tera 2 ne a kan RAID 6, wanda ke cinye wurin faifai biyu don kariya, wurin da kake da shi tera 12 ne. Ka cire su ka sa na tera 8, ka koma tera 48, babu sabon akwati, babu sabon kati, babu ƙarin hayaniya a ɗaki. Wahalarsa ita ce sai ka kwashe bayanan gefe ka dawo da su, aikin da ya dace da hutun ƙarshen zango. Kafin ma wannan, ka zauna ka leƙa abin da ya cika sabar. A ofisoshinmu ba abin mamaki ba ne ka tarar bidiyon bikin yaye ɗalibai guda ɗaya yana kwance a wuri huɗu, ga fina-finan da wani malami ya ɓoye a jakar da ya raɗa wa suna "jarrabawa".

In duk da haka akwatin ne mafita, ka sa kuɗin wuta a lissafin da za ka kai. Mu ɗauka yana jan wat 200 in ya cika. A wata yunit 144 ke nan. Tun watan Afrilun 2024 da aka ƙara wa 'yan Band A, wato rukunin da aka ware wa awannin wuta mafi yawa, kuɗin wuta, yunit ɗaya ya haura naira 200, ka ga wajen naira 30,000 duk wata, ba a zo maganar man janareto ba. Akwatin da sabar kuma su hau UPS ɗaya, mai ƙarfin ɗaukar su duka. In saba tana kan batir akwatin kuma yana jone a bango, ranar da aka ɗauke wuta fayafayai 12 za su ɓace mata lokaci guda tana tsakiyar rubutu. Wajen kunnawa akwati ne farko, a bar fayafayan su gama tashi, sannan saba. Wajen kashewa saba ce farko. Ka rubuta wannan da biron maka ka manna a ƙofar ɗakin, saboda ranar da ba ka nan. Dell ya ƙayyade zafin ɗakin da akwatin zai zauna tsakanin digiri 10 zuwa 35, kai kuma ka san watan Afrilu, ka san ƙurar hunturu. In ɗakin sabar ba shi da na'urar sanyaya ɗaki, a fara da ita.

Abu biyu da kar ka ɓata kuɗi a kansu. Kar a ruɗe ka da MD1400 don wai ya fi gudu: wayar MD1200 layi huɗu ce, kowanne gigabit 6, alhali wayar sadarwar ofishinku mai gigabit ɗaya da ƙyar take wuce megabait 110 a daƙiƙa. Kar kuma araha ta ja ka zuwa tsohon MD1000 da katin PERC 6/E, wannan katin ba ya ganin abin da ya haura tera 2 a faifai.

Daga wani mai shagon buga takardu, Gusau: "Ina da fayafayan USB guda biyar. Ba zan iya jona su duka a hob ɗaya in haɗa su su zama RAID ba? Ai duk ajiya ce."

Za ka iya, a ranar farko. Daga nan yaron shago zai taɓa waya yana shara, ko ɗaya daga cikinsu ya yi barci don ya ga ba a taɓa shi ba, sai manhaja ta ɗauka ya mutu ta fitar da shi. In biyu suka yi haka tare ka yi sallama da takardun kwastomomi. Caja biyar, waya biyar, duk a kan soket ɗaya mai sako-sako. Ka bar su a matsayin da aka yi su dominsa: ka kwafi abu a kai, ka cire, ka sa a durowa.

Daga wani mai tace bidiyon biki, Kano: "Malam na sayi akwati mai gurbi takwas, saura fayafayai. Na samu wani yana da Seagate Exos na tera 16, sabo dal a leda, kusan rabin kuɗin da ake sayarwa. Na gwada ɗaya da CrystalDiskInfo, ya nuna awa sifili, lafiya lau. In kwashe takwas?"

Tsaya tukuna, ɗan'uwa, ka mayar da kuɗin aljihu. Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna a duk wasiƙun, don mutane sukan ƙare bincikensu a kan akwati, su yi ta ciniki a kan ƙarfe da fanka, in an zo kan abin da zai riƙe amanar jama'a sai su karɓi duk abin da aka miƙo musu a leda. Akwati in ya lalace ka sauya fawa-fak ka ci gaba. Faifai in ya tafi da kamun amarya da wunin biki, ba za a sake ɗaura auren don kai ba.

Awa sifilin da ka gani daga wani kundi yake fitowa da ake kira SMART, inda faifai ke rubuta awannin da ya yi yana aiki da kurakuran da ya ci karo da su. Ana iya goge wannan kundin, kamar dai yadda ake mayar da mitar motar tokumbo baya kafin ta shigo kasuwa. Ba zato nake yi ba. A watan Janairun 2025 kafar labaran fasaha ta heise a Jamus ta fallasa cewa ana sayar wa mutane irin wannan faifan naka, Exos, a matsayin sabo, alhali ya yi aikin dubban awanni, wasu har wajen 50,000. Shekara guda awa 8,760 ce, ka ga faifan da ya haura shekara biyar yana juyawa dare da rana ke nan. Kuma ba a lungu aka saya ba, har da manyan shagunan da ake ganin mutuncinsu, waɗanda su ma haka kayan suka zo musu. Zargi ya fi karkata ga masu haƙar kuɗin intanet na Chia, waɗanda suka wawushe manyan fayafayai a 2021, da harkar ta daina biya kuma suka juye su kasuwa. To in an yi wa Bajamushe mai rasit da dokar mayar da kaya haka, kai da kayanka suka bi hannu huɗu ko biyar kafin su iso Kano fa?

Abin da ya tona asirin shi ne fayafayan Seagate na wannan aji suna da kundi na biyu, FARM, wanda masu gogewar ba su taɓa ba. Ka sauke manhajar smartmontools, fitowa ta 7.4 ko wadda ta biyo baya, ka ba da umarnin smartctl -l farm a kan faifan, ka kwatanta awannin da ya nuna da na SMART. In wannan ya ce sifili wancan ya ce 28,000, magana ta ƙare. In sun yi daidai ma kar ka saki jiki, mai ha'inci ba ya zama wuri ɗaya. Ka shiga shafin kamfanin ka zuba lambar siriyal a wurin duba garanti. Exos garantin shekara biyar gare shi. In ka ga saura wata takwas, ko ya ƙare, ko an ce faifan na cikin wata na'ura ne aka sayar da shi, to ka san ba daga masana'anta ya taho wurinka ba.

Sannan ka yi amfani da idonka, wanda ba ya buƙatar manhaja. Ka fitar da faifan ka kai shi bakin ƙofa inda akwai haske. Ramukan sukurori na gefe, in an taɓa ɗaure shi za ka ga zoben gogewa kewaye da su, ƙarfen ciki yana ƙyalli. Haƙoran nan masu ruwan zinare inda waya ke shiga, sabo ba ya da zane, wanda aka sha sokawa kuwa za ka ga 'yan layuka a tsaye. Sitikar sama ka shafa ta da yatsa, ka ji ko akwai kumburin iska ko alamar wata a ƙarƙashinta. Ka karanta ranar ƙira. Leda kuwa ba shaida ba ce, injin liƙe leda ko mai sayar da garin kunu yana da shi.

Bayan wannan sai gwaji na gaske, kuma a nan ne ake rabuwa da dila mai gaskiya da maras ita. Faifan tera 16, rubuta shi daga farko zuwa ƙarshe sau ɗaya kusan yini da kwana ne. Cikakken gwaji da manhajar badblocks yana rubutawa ya karanta har zagaye huɗu, mako guda ko fiye. To me "garantin kwana uku" zai yi maka? Ka nemi a rubuta maka a rasit, da lambar siriyal ta kowane faifai, cewa kana da mako biyu na mayarwa. Bayan gwajin ka sake duba SMART, lamba ta 5 da ta 197 da ta 198, masu ƙirga wuraren da suka lalace a faifan, duk su kasance sifili. Dilan da ya ce ba ya rubuta siriyal a rasit ya riga ya ba ka amsa. Kuma kar ka kwashi takwas rana ɗaya a hannun mutum ɗaya. Ka ɗauki biyu ka gwada. Fayafayan da suka fito daga wuri ɗaya, suka sha wahala iri ɗaya, sukan gaji a lokaci ɗaya, RAID kuwa mutuwar ɗaya ko biyu yake iya jurewa, ba huɗu ba.

A fahimce ni, ba tokumbo nake yaƙa ba. Akwai fayafayan da kamfani da kansa ya gyara ya sa musu tambarin an sabunta, akwai waɗanda aka cire daga manyan cibiyoyin ajiya aka faɗi awanninsu a fili. Wanda ya saye su da saninsa, a kuɗin na hannu, ya sa su a RAID 6 yana da kwafi a gefe, bai yi wauta ba. Abin da ke ƙona mini rai shi ne a karɓi kuɗin sabo, ko a kira shi "sabo mai sauƙi", a ba mutum tsoho. Wannan algus ne, kuma duk ɗan kasuwar da ya taɓa zama gaban malami ya ji hadisin da ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Dilolinmu kuma, cewa "ni ma haka aka kawo mini" ba ta wanke ku. Gwajin FARM minti biyu ne. Ku yi shi kafin ku jera kaya a kanta.

Mu ma masu saye muna da namu laifin. Mutum ya san kuɗin dala, ya san babu yadda za a yi sabon tera 16 ya zo a rabin farashi, amma sai ya rufe ido don yana so ya yarda. Wannan son bulus ɗin ne ya sa har yau ake sayar da 'yan ƙananan akwatunan nan masu sheƙi da aka rubuta wa SSD tera 16 a kuɗin da bai kai na buhun shinkafa ba. Ka fasa ɗaya, za ka tarar da ɗan katin memori na waya an manne shi da gam, an koya masa ya yi ƙaryar girmansa. Yana karɓar fayil har ka gama turawa, sunaye suna nan reras, ranar da ka buɗe babu komai. Manhajar H2testw kyauta ce, tana tona shi. Araha ba ta ado.

Tunda RAID za ka haɗa, ga wani tarko da ba na dila ba, na masana'anta ne. Akwai fayafayan da ake kira SMR, masu jera layukan rubutu wani a kan gefen wani don a samu ƙarin wuri. Ajiyar da ba a yawan taɓawa suna yinta lafiya, amma in aka matsa musu da dogon rubutu sai su yi ta jan ƙafa, har RAID ya ɗauka sun mutu. A 2020 aka gano WD na sayar da irinsu cikin jerin Red, daga tera 2 zuwa 6, ba tare da ya bayyana ba, surutu ya yi yawa har ya fito da Red Plus don ware masu CMR, wato waɗanda layukansu ba sa hawa juna. Waɗancan tsofaffin suna nan suna yawo a kasuwa. WD40EFAX SMR ne, WD40EFRX CMR ne. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, ka karanta da kyau.

In kuma webil za a yi maka daga Legas, ka biya kuɗin soso da kwali mai kauri, kowane faifai a ɗakinsa. Wanda aka naɗe da jarida aka jefa a but ƙarƙashin buhuna, ko sabon gaske ne ya tsufa kafin ya wuce Lokoja.

Daga wata Hajiya mai ɗakin gwaje-gwajen jini, Gombe: "Malam don Allah ka taimake ni. Muna da Synology DS920+ inda muke ajiye sakamakon marasa lafiya na shekaru. Kwana biyu ke nan yana ƙara, fitila ɗaya ta koma ruwan lemo. Yaron da ke duba mana ya ce mu sayi akwatin ƙari DX517. Ni ban san komai a kai ba, ko barci ba na iyawa."

Hajiya, ranki ya daɗe, ki kwantar da hankalinki. In har ma'aikatanki suna iya buɗe fayiloli yau, bayananki suna nan. Ƙarar nan da fitilar, mafi yawan lokuta, na'urar ce ke sanar da ke cewa faifai ɗaya cikin huɗun ya gaza, sauran ukun suna riƙe da kayan. An gina ta ne don irin wannan rana. Abin da ba za ta jure ba shi ne na biyu ya bi shi kafin a gyara.

Don haka ga abin yi, bi da bi. Kar a yi ta kashe ta ana kunnawa, kar kowa ya zaro faifai don ya duba. Yau ɗin nan a sayo faifan USB mai girman da zai ɗauke komai, a kwafe bayanan, a fara da na marasa lafiya. Sai an gama, an buɗe wasu fayilolin daga kwafin an ga suna buɗuwa, sannan a cire faifan da ya gaza a sa sabo mai girmansa ko wanda ya fi shi, a ba na'urar umarnin gyara. Dalilin da ya sa kwafi ke gaba shi ne gyaran yana tilasta wa tsofaffin ukun karanta duk abin da ke cikinsu, awanni masu yawa ba hutu, kuma a nan ne mai rauni a cikinsu yake faɗuwa. A tabbata akwai mai a janareto da UPS mai rai kafin a fara.

Akwatin ƙari ba ya warkar da faifai maras lafiya. Ba na ce yaronki yana son cutar ki ba, wataƙila wurin ma ya kusa cika ne ya haɗa matsala biyu a magana ɗaya. Ki ce ya buɗe miki shafin kula da ajiya a allo, ki gani da idonki: faifai na nawa ne ya yi ja, kuma kashi nawa na wurin aka ci. In daga baya an ga ana buƙatar DX517, gurbi biyar gare shi, waya ɗaya tak ta eSATA ce ke haɗa shi da uwar. A yi masa rumbunsa daban, kar a miƙe na ciki ya haɗe da shi, don in aka haɗe su, ranar da wayar nan ta zare duka biyun za su tsaya.

Abin da nake so ya fito daga wannan tsoro, Hajiya, shi ne kwafin ko-ta-kwana na dindindin. RAID ba ya hana gobara, ba ya hana ɓarawo, ba ya dawo da abin da ma'aikaci ya goge bisa kuskure. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ginin ajiyar bayanai guda na kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa, waɗanda kwafinsu ke cikin ginin suka rasa duka. A farkon 2022 kuma masu garkuwa da bayanai na DeadBolt suka kulle na'urorin ajiya na kamfanin QNAP da aka bari a buɗe ga intanet, suna neman fansa. Ki samu faifan USB biyu ana musanya su duk mako, ɗaya a ofis ɗaya a gida. Tunda sirrin marasa lafiya ne, kuma dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora miki nauyinsa, a kulle na gidan da kalmar sirri. Allah ya sawwaƙe, ki rubuto mini yadda aka ƙare.

Daga wani ɗalibi, Zariya: "Na ga NetApp DS4246 mai gurbi 24 da arha sosai. Ina so in sa a ɗakina in koyi aiki."

Ƙanena, niyyarka ta yi kyau, amma wa zai kwana a ɗakin? In ya cika nauyinsa ya kusa kilo 50, fankokinsa kuma an yi su ne don ɗakin da ba kowa. Mutanen gida za su kore ku kai da shi kafin kuɗin wuta ya iso. Kafarsa ta baya QSFP ce, sai ka nemo waya ta musamman da za ta kai ta ga katinka. Fayafayan da ke zuwa da shi kuma galibi an tsara su a kan bait 520 maimakon 512, kwamfutarka ba za ta karɓe su ba sai ka sake tsara kowanne da manhajar sg_format, awanni a kan guda. Ka nemi tsohuwar kwamfutar tebur, ka sa mata ƙananan fayafayai huɗu na hannu, ka ɗora TrueNAS. Ka zare ɗaya tana aiki ka ga abin da zai faru, ka mayar ka gyara. Abin da za a tambaye ka a wurin neman aiki ke nan.

Daga wani ma'aikacin ƙaramar hukuma, Jigawa: "Kuɗi ba sa fitowa gaba ɗaya. Zan iya sayen akwati in riƙa ƙara faifai ɗaya-ɗaya?"

Ya danganta da abin da ke riƙe da su. Synology da manhajar mdadm ta Linux da yawancin katunan RAID sun yarda. Tsarin ajiya na ZFS ya daɗe bai yarda a ƙara faifai guda a rukunin RAIDZ ba, wato irin nasa RAID ɗin, sai a OpenZFS 2.3 da ya fito farkon 2025. Amma kowane ƙari sai an sake baje bayanan a kan fayafayan duka, aikin kwanaki, kuma da irin wutarmu ba na son kwanakin nan su yi yawa. Ka tara ka ƙara sau ɗaya a shekara ya fi ka ƙara sau huɗu.

Daga wani ɗan kasuwa, Maraɗi: "Kyamara 16 gare ni a sito. Ina son hoton wata guda ya zauna, yanzu kwana tara yake gogewa. An ce in ƙara akwati."

Alhaji, a yi lissafi kafin a fitar da sefa. Kyamarar da ke turo megabit 4 a daƙiƙa tana cin giga 43 a yini. Sau 16, kusan giga 690. Sau 30, tera 21 ba kaɗan. Kafin ka sayi komai, a duba ko na'urar naɗin tana kan tsarin matse bidiyo na H.264, a mayar da ita H.265, wannan kaɗai yakan rage kusan rabi. Kyamarorin cikin sito da ba mai shiga da dare a sa su naɗi sai sun ga motsi. Mai yiwuwa kwana taran nan ya kai inda kake so ba ka kashe ko dala ba. In bai kai ba, a leƙa bayan na'urar: in babu kafar eSATA, babu inda akwatin zai shiga, sai dai a sa manyan fayafayai a ciki gwargwadon abin da littafinta ya ce tana ɗauka. Ka sayi waɗanda aka yi don kyamara, WD Purple ko Seagate SkyHawk, kuma duk abin da na faɗa wa mai bidiyon Kano ya hau kanka.

Daga wani a Bauchi: "Na sayi faifan tera 8, Windows ya nuna 7.27. Gobe zan koma in yi wa mai shagon rashin mutunci."

Zauna a gida, Malam, ba abin da ya ci maka. Masana'anta da 1,000 suke ƙirga, Windows da 1,024. Na tera 4 zai nuna 3.63, na 16 zai nuna 14.55, ko a ina ka saya. In akwati za ka cika da su, ka cire faifai biyu na RAID 6 daga jimilla, ka bar kashi 20 cikin ɗari fanko, abin da ya rage shi za ka faɗa wa mai gidanka.